An rage ka a aiki, uwargida tana sana'arta kuma tana da juna biyu: yadda ake neman tallafi a Birtaniya

Ranar da aka miƙa wa magidanci takardar rage ma'aikata, ba kansa yake fara tunawa ba. Kuɗin haya yake tunawa, da cikin da ke gida, da 'yan kuɗin da uwargida ke samu a ɗinki ko lalle ko girkin biki, waɗanda wani wata su zo da auki, wani wata shiru. Na sha ganin 'yan'uwanmu a Ingila suna yin wata biyu, wata uku ba su nemi komai ba, wasu don kunya, wasu don tsoron kada a taɓa musu takardun zama. A ƙarshe kuɗin da doka ta ba su ya wuce, domin yawancin tallafin nan daga ranar da ka nema ake fara ƙirga shi, ba daga ranar da aikin ya ƙare ba.

Abin da ke sa iyali su samu ko su rasa a wannan hali shi ne kwanan wata: me aka fara nema, yaushe aka nema, mako nawa cikin ya kai. Alƙaluman da zan kawo na shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ne. Ana sabunta su duk watan Afrilu, don haka a duba shafin GOV.UK kafin a yi lissafin ƙarshe.

Mataki na farko: duba izinin zamanku

Kada ka cike fom ko ɗaya kafin wannan. Ku buɗe bizarku ta intanet, kai da matarka, ku ga ko an rubuta cewa ba ku da izinin cin kuɗin gwamnati, sharaɗin da ake kira NRPF. Wanda ya zo da bizar ƙwararren ma'aikaci, ko ta aikin jinya da kula da tsofaffi, ko ta karatu, kusan ko da yaushe yana ƙarƙashinsa, shi da iyalinsa.

Idan sharaɗin yana kanku, an hana ku Universal Credit (babban tallafin wata-wata ga masu ƙaramin ƙarfi), da Child Benefit (kuɗin yara), da rangwamen harajin kansil (harajin gida na ƙaramar hukuma), da kyautar haihuwa ta Sure Start. Karɓarsu saɓa wa sharaɗin biza ne, kuma yana iya dawo maka ranar sabunta ta. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: kuɗin sallama, da New Style Jobseeker's Allowance (kuɗin mai neman aiki), da Maternity Allowance (kuɗin hutun haihuwa) ba sa cikin jerin kuɗin da aka hana. Guminku ne ya haifar da su, ta hanyar aikin da kuka yi da inshorar ƙasa (National Insurance) da kuka biya.

Mai bizar aiki yana da wani agogo dabam da ke gudu. Kamfanin zai sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa aikin ya ƙare, ita kuma yawanci takan rage wa'adin bizar zuwa kwana 60. A cikin kwanakin ne za ka sami wani kamfanin da zai ɗauki nauyinka, ko ka sauya nau'in biza, kuma bizar matarka a jikin taka take rataye. Wanda ke wannan hali, lauyan shige da fice mai rajista ya fi masa gaggawa a kan duk abin da ke ƙasa.

Idan ɗayanku yana da zaman dindindin ko ɗan ƙasa ne, ɗayan kuma yana da sharaɗin, mai izinin zai nemi Universal Credit a biya shi kason mutum ɗaya, amma za a lissafa kuɗin shiga da ajiyar ku biyun. A nemi shawara kafin a tura, musamman kan kuɗin haya.

Mataki na biyu: karɓi haƙƙinka a wajen aiki

Wanda ya cika shekara 2 a jere a wuri ɗaya yana da kuɗin sallama na doka. Albashin rabin mako ne kan kowace shekarar da ya yi yana ƙasa da 22, mako ɗaya daga 22 zuwa 40, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama. Shekara 20 ce iyaka, kuma albashin makon ba ya wuce £719 a lissafin. Mai shekara 35 da ya yi shekara 6 yana karɓar £600 a mako zai sami £3,600, da wa'adin mako 6 ko kuɗin wa'adin, da kuɗin hutun da bai ci ba. Ba a cire haraji a £30,000 na farko na kuɗin sallama.

Ka nemi a rubuta maka kowane kaso dabam: wannan na sallama, wannan na wa'adi, wannan na hutu. Za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan. Ka karɓi takardar P45, wadda ke nuna albashi da harajin da ka biya har ranar barin aiki. Idan kamfanin ya durƙushe ne, hukumar Insolvency Service ke biya, kuma wata 6 gare ka ka nema. Idan kana ganin an zalunce ka wajen zaɓen waɗanda za a rage, tuntuɓi ACAS, hukumar sasanta rikicin aiki, tun da wuri, don wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne.

Mataki na uku: nemi New Style Jobseeker's Allowance ba da ɓata lokaci ba

Wannan naka ne kai kaɗai. Ba a duba ajiyarka, ba a duba abin da matarka ke samu, kuɗin sallama ma ba ya hana shi. Abin da ake dubawa shi ne ko an cire maka isasshen inshorar ƙasa daga albashi a cikakkun shekarun haraji biyu da suka gabata. Ana biyan £92.05 a mako ga mai shekara 25 zuwa sama, £72.90 ga wanda bai kai ba, har kwana 182. Kwana 7 na farko ba a biya. Ta intanet ake nema, sannan a kira ka Jobcentre, ofishin masu neman aiki, ka sa hannu kan alkawarin neman aiki.

Kuɗin ba su da yawa, kuma idan kana karɓar Universal Credit za a cire su daga ciki fam da fam. Duk da haka ina ba kowa shawara ya nema. Ana biya duk mako biyu, yana cike maka giɓin inshorar fansho, kuma ko wani wata cinikin uwargida ya yi kyau har Universal Credit ya sauka ƙasa, shi yana nan daram.

Mataki na huɗu: Universal Credit, da ranar da za a danna

Ma'aurata tare suke nema. Kowa zai buɗe nasa shafin, a haɗa su da lambar da za a ba na farko, kuma neman bai cika ba sai ku biyun kun gama. Ko a masallaci kawai aka ɗaura auren ba a yi rajista ba, muddin kuna zaune gida ɗaya, ma'aurata ne ku a wajen DWP, hukumar da ke biyan tallafin.

A nan ake duba ajiya. Wadda ba ta kai £6,000 ba, ba ruwansu da ita. Daga £6,000 zuwa £16,000, ana rage £4.35 a wata kan kowane £250. Ta wuce £16,000, babu tallafin sam. Kuɗin sallama ajiya ne. Haka kuɗin da ke asusun banki a Najeriya ko Nijar, haka filin da ka saya a Kano ko gidan da ka gina a Kaduna: dukiyar da ke wajen ƙasar ma ana tambayarta, kuma ɓoye ta laifi ne. A faɗa, a kawo shaidar darajarta da ta duk wanda ke da kaso a ciki, a bar su su yanke. Keken ɗinki da sauran kayan sana'ar uwargida ba sa cikin lissafi.

Ka yi hattara da yadda za ka taɓa kuɗin sallamar. Biyan bashi da sayen abin buƙata na hankali ba matsala. Amma idan ka tura dubbai gida ga dangi ana gobe za ka nema, za su iya cewa ka rage dukiyar ne da gangan, su lissafa ta kamar tana hannunka.

Sai batun rana. Ranar da kuka tura nema ita ce farkon watan lissafinku, kuma duk albashin da ya shigo cikin watan ana ƙirga shi, ko da na aikin da ya wuce ne. Albashin ƙarshe, kuɗin wa'adi da kuɗin hutu duk albashi ne a wajensu. A ce za a biya ka na ƙarshe ranar 28. Ka nema ranar 25, kuɗin ya faɗo cikin watanka na farko, wataƙila ya cinye tallafin watan baki ɗaya. Ka nema ranar 29, watan ya fara da tsabta. To amma kada a mai da wannan dalilin jan ƙafa. Idan kuɗin ƙarshen sai bayan mako shida zai zo, jira asara ce. Ka tambayi ofishin albashi takamaimiyar rana, ka yi lissafi a kanta.

Biyan farko yana zuwa bayan kimanin mako 5. Ana iya karɓar rance kafin nan, babu kuɗin ruwa a kansa, ana cirewa kaɗan-kaɗan cikin wata 24. A karɓi daidai buƙata, domin lokacin da ake cirewar jariri ya iso.

Ma'auratan da ɗayansu ya kai 25 suna da £628.10 a wata, a ƙara taimakon haya. A gidan haya na 'yan kasuwa akwai iyakar da aka sa wa kowane yanki, kuma ba a ƙirga wa jariri ɗaki sai an haife shi. Mai biyan bashin gida yana iya neman Support for Mortgage Interest, taimakon biyan ruwan bashin gidan, bayan wata 3, sai dai ya sani rance ne mai ruwa, ga wanda ke kiyaye wannan.

Mataki na biyar: sana'ar uwargida

Nan ne aka fi tafka asara, don haka zan ɗan daɗe.

'Yar'uwa, za a kira ki ganawa a Jobcentre a duba ko sana'arki ita ce babban aikinki, tana tafiya a tsare, kuma don riba kike yi. Idan suka ce haka ne, akwai ƙa'idar da ake kira Minimum Income Floor. Ma'anarta, za a ɗauka kina samun abin da mai mafi ƙarancin albashi ke samu, ko kin samu ko ba ki samu ba. A kan £12.21 a awa, awa 35 a mako, bayan an cire haraji na ƙiyasi, abin yana kai kusan £1,640 a wata.

Ga yadda yake a aljihu. A ce hayarku da aka amince £750 ce, ribarki £500 a wata, maigida yana karɓar nasa £92.05 a mako, wato £398.88 a wata, kuma wannan ne cikin fari. Jimillar haƙƙinku £1,378.10. Ana cire kwabo 55 a kowane fam na riba, £275 ke nan, a cire na maigida, saura £704.22. Idan kuwa aka ɗora miki waccan ƙa'idar, abin da zai rage bai kai £80 ba. Gida ɗaya, ciniki ɗaya, bambancin ya haura £600 a wata.

Ƙofa biyu ce ke fitar da ke. Ta farko, wa'adin farawa na wata 12, wanda ake yawan ba wanda ba a taɓa ɗora masa ƙa'idar ba a wannan sana'ar, muddin yana ƙoƙarin bunƙasa ta. Ki tambaye shi da bakinki a ganawar, ki tabbata an rubuta a shafinki. Ta biyu, cikin kansa: daga mako 11 kafin ranar da aka ƙiyasta miki haihuwa har mako 15 bayanta, babu wani sharaɗin aiki a kanki, ƙa'idar kuma ba ta hawa kanki. Bayan nan, idan ke aka rubuta a matsayin mai renon yaron, ba za ta dawo ba sai ya cika shekara 3. Amma kwamfutar ba ta san kina da ciki ba sai kin faɗa. Ki rubuta ranar haihuwar a shafinki, ki kai shaida. Idan laulayi ko wani ciwo ya hana ki aiki tun kafin lokacin, ki karɓo takardar likita, a rage awannin da ake tsammani daga gare ki.

Kowane wata za ki bayar da rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita, ko da sifili ne, in ba haka ba biyan gidan gaba ɗaya ya tsaya. Kuɗin da ya shigo hannu a watan ake rubutawa, ba wanda aka yi alkawari ba. Yadi, zare, kayan lalle, man mota na kai kaya, duk ana cire su. Watan Sallah da ɗinki ya yi yawa tallafin zai ragu, wata mai zuwa ya dawo. Ki ware wa sana'ar asusun banki nata, ki riƙa ajiye rasit. Wadda ke karɓar kuɗi a hannu ba ta taɓa rajista da hukumar haraji ta HMRC ba, yau ya kamata ta gyara, domin mataki na gaba a kan rajistar ya tsaya.

Mataki na shida: Maternity Allowance

Mai sana'ar kanta ba ta da kamfanin da zai biya ta hutun haihuwa, wannan ne madadinsa. Ana biya har mako 39. Sharaɗin shi ne ta yi aƙalla mako 26 da rajistar sana'a cikin mako 66 da suka gabaci haihuwa. Idan tana da inshorar ƙasa ta masu sana'a na mako 13 a ciki, za ta sami cikakken £187.18 a mako. Idan babu, yana iya sauka har £27.

Kada wasiƙar £27 ta karya miki gwiwa. Sau da yawa dalilin shi ne ba a kai lokacin cike fom ɗin harajin shekarar ba. HMRC za ta rubuto ta faɗa miki makonnin da suka rage, ki biya da kanki, £3.50 kowane mako. Mako 13 bai kai £46 ba, kuma shi ke ɗaga kuɗin zuwa cikakke.

Ungozoma za ta ba ki takardar MATB1 bayan cikin ya kai mako 20. Daga mako 26 za ki iya tura fom ɗin MA1, biyan kuma yana iya farawa mako 11 kafin haihuwa. Ke za ki zaɓi ranar farawa. An yarda ki yi aiki kwana 10 kacal cikin lokacin ba tare da an taɓa kuɗin ba, kuma ko awa ɗaya kika zauna kan keke, kwana guda ne.

Shi ma ana cire shi daga Universal Credit fam da fam, £811.11 a wata. A misalinmu, idan kin ajiye aiki, tallafin zai koma £168.11, bayan haihuwa kuma a ƙara £292.81 na yaro. Wasu na ganin haka sai su ce to me ya sa za a wahala. Dalilin shi ne ranar da maigida ya sami sabon aiki, Universal Credit zai ragu ko ya tsaya, wannan kuwa naki ne har mako 39 su cika, komai albashinsa. Ga masu sharaɗin NRPF kuma, shi ne babban abin dogaro.

Mataki na bakwai: ƙananan da ake mantawa

Rangwamen harajin kansil ba ya cikin Universal Credit. A ƙaramar hukumarku ake nema, kuma a nema a makon farko.

Ungozoma za ta yi miki takardar da ke ba ki magani da aikin haƙori kyauta a NHS, tsarin lafiya na gwamnati, har wata 12 bayan haihuwa. Katin Healthy Start na madara da kayan lambu, £4.25 a mako, ana samunsa daga mako 10 na ciki idan kuna kan Universal Credit kuma abin da gidan ke samu ta aiki bai wuce £408 a wata ba. Kyautar Sure Start £500 ce, ba a mayarwa, yawanci ga ɗan fari, daga mako 11 kafin haihuwa zuwa wata 6 bayanta. Sai kuna da Universal Credit a lokacin neman, ko da kaɗan ne, don haka a tura kafin maigida ya koma aiki. A Sikotland, Best Start Grant ake nema a madadinta.

Bayan haihuwa, a yi wa jariri rajista cikin kwana 42 a Ingila da Wales, kwana 21 a Sikotland. A nemi Child Benefit, £26.05 a mako ga na fari, £17.25 ga na bayansa; wata 3 kawai ake komawa baya. A sanar da Universal Credit a ranar da aka samu dama, ba sai bayan suna ba. Zuwan yaron yana buɗe wani abu kuma: £411 na farko na albashi ko riba a wata ba a taɓa shi ga masu karɓar taimakon haya, £684 ga waɗanda ba sa karɓa.

Akwai iyakar jimillar tallafi, £1,835 a wata ga iyali a wajen Landan, £2,110.25 a cikinta. Wanda ya yi wata 12 yana aiki da isasshen albashi kafin a sallame shi yana da sassaucin wata 9. Idan kun ga an yanke, ku nuna musu takardun albashin.

Idan za a tafi gida haihuwa

Al'adarmu ce mai cikin fari ta koma gaban iyayenta, ta yi wankan jego a can. Kafin a sayi tikiti a sani cewa Universal Credit yana jure rashin mutum a ƙasar na wata ɗaya ne kawai a yawancin hali, kuma dole a sanar kafin tafiya. Ta wuce haka, a cire kasonta. Maigida ma idan ya bi ta zuwa suna, kuɗinsa na neman aiki yana tsayawa. Iyalai da yawa sun ga ya fi sauƙi a nema wa uwa ko gwaggo bizar ziyara ta zo ta yi jegon a nan.

Idan an hana ku, ko an yi kuskure

Kuna da wata ɗaya daga ranar hukunci ku nemi a sake dubawa, in ba a gyara ba ku ɗaukaka zuwa kotun tallafi, wadda ba a biyan kuɗin shiga. Duk abin da kuka faɗa wa jami'i ta waya ko baki da baki, ku sake rubuta shi a shafinku da kwanan wata. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice na da sashen Help to Claim da ke raka mutum har biyan farko, kyauta. Ƙungiyar Maternity Action ta ƙware kan haƙƙin masu ciki, har da masu matsalar takardu. Shafukan Turn2us da entitledto suna yi muku lissafi cikin minti kaɗan; ku gwada sau biyu, ɗaya da halin yau, ɗaya da ranar da jariri ya zo. Iyali mai yaro a Ingila da ke da sharaɗin NRPF kuma abin ya kai ga rasa muhalli ko abinci, su je sashen kula da yara na ƙaramar hukumarsu su nemi taimako ƙarƙashin sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989, wanda ba ya cikin kuɗin da aka hana su.